Kirtanin Yaya Sani

Ina wanke motar kafil, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki, a ƙofar gidansa da ke Mesaimeer a Doha, bayan azahar, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Hannuna duk kumfa ne, na bar ta ta katse. Ta sake yin ƙara. Da na ɗauka sai na ji muryar Alhasan, mutumin Kumasi da ke aiki gareji ɗaya da yayana Sani a Sanaiya, unguwar masana'antu. A lokacin shi ma yana killace a ɗaki saboda korona. Bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Habibu, kana tsaye ko kana zaune?"

Na ce ina tsaye.

"To ka zauna. Asibiti sun kira ni yanzu. Sani ya riga mu gidan gaskiya."

Ban zauna ba. Na ƙarasa wanke motar har tayoyi, na naɗe tiyo na rataye shi inda ake rataye shi, sannan na shiga ɗakina na kira Zariya. Washegari aka binne shi a maƙabartar Mesaimeer, mu huɗu kawai aka bari muka tsaya, kowa da takunkumi a fuska, kowa nesa da ɗan'uwansa.

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya Sani, kun taso kuna jin cewa na zauna a Doha shekara biyu da rabi bayan wannan rana, Baba yana kirana ina ƙin zuwa. Wasu a dangi sun ce ƙwallo na tsaya kallo. Wasu sun ce abin wasan yara na tsaya ƙerawa har tsoho ya rasu bai ga fuskata ba, wato bai shafa ta ba, tunda idonsa ya riga ya tafi. Ba na jin haushin kowa. Shekarar farko hanya ce babu. Daga nan kuwa ni ne, kuma gara ku ji yadda aka yi daga bakina.

Kakanku fayaman ne a reluwe tun zamanin jirgin kwal. Shi ke zuba wa jirgi wuta daga Zariya zuwa Kano, daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Ko da aka daina jiragen tururi aka kawo masu shan gas, bai taɓa yarda cewa waɗannan jirage ne ba. Yakan ce inji na gaskiya numfashi yake yi kamar mutum, kuma daga numfashinsa ake sanin lafiyarsa. Muna yara, yana zaune a zaure jirgi zai taso daga tasha, ya ɗaga yatsa ya ce wannan yana da mura, ko wannan direbansa sabon shiga ne. Ni ban ɗauki komai daga wannan ba sai son tuƙi. Yaya Sani shi ne ya kwashe duka. Shi ya zama makanike, shi ya fara zuwa Doha, shi kuma ya roƙi kafil ɗinsa ya ɗauko ni direba.

Kafil ɗin namu dattijo ne, ana ce masa Abu Nasir, yana da gona a arewacin Doha inda yake tara tsofaffin motoci da tsofaffin injuna. A cikinsu akwai wani injin tururi na noma da ya sayo daga Ingila, wanda a da can ake jan garma da kaya da shi. Ƙafafunsa na baya ƙarfe ne zalla, sun fi ni tsawo. Yana da doguwar tukunya a kwance, da bututun hayaƙi a gaba, da wani faifan ƙarfe a gefe wanda ke juyawa idan tururi ya kama. Lokacin da ya iso ya daɗe da mutuwa. Yaya ne ya kwance shi kaf, ya yi wata tara a kansa, ya tayar da shi. Ranar da ya fara numfashi Yaya ya kira Baba ya kara masa waya. Ya sa wa injin suna Giwa. Daga wannan rana ya ƙudurta zai ƙera ƙaraminsa, sak irinsa, wanda za a iya sa wa a akwati, ya kai wa Baba Zariya ya taɓa da hannunsa. Na ji lokacin da yake faɗa masa:

"Baba, ba na kallo zan kawo maka ba. Mai numfashi zan kawo."

Shekara uku yana wannan aiki a kusurwar garejin Sanaiya, ranakun Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da guntayen tagulla da ƙarafan da aka zubar. Ni nakan zo in zauna a kan taya ina shan shayi ina yi masa tsiya, in ce mutum da furfura a gemu yana ƙera motar langa-langa. Shi kuma ya ce direba ai ba ya sanin abin da ke ƙarƙashin kujerarsa. Ban taɓa tsayawa na kalli yadda yake aikin ba. Lokacin da ya rasu, Ɗan Giwa, haka muke kiransa, yana da ƙafafu da tukunya da bututu, tsawonsa kamar kamu biyu. Abin da ya rage kayan ciki ne, waɗanda ke karɓar tururi su juya shi ya zama tafiya.

Da aka buɗe Sanaiya bayan kullen korona na je na tattara kayansa don in aika gida ta kago, wato kamfanin jigilar kaya. Alhasan bai dawo aiki ba tukuna. Na cika kwalaye biyar da tufafinsa da takalmansa da tsarabar da ya fara tara wa yara. Injin kam na rufe shi da buhu na bar shi, don ban iya aika wa Baba gawa biyu ba. Da na zo ɗaure kwalayen ban sami igiya ba, sai na ga wata leda a rataye a ƙusa cike da kirtani, guntu-guntu, dogaye da gajeru, kowanne da ƙulle-ƙulle da ɗan farin salatif a bakinsa. Na ɗauka ragowar ɗaurin kaya ne. Na haɗa su na ɗaure kwalayen tam, har ina jin daɗi na sami abin da ya rufa mini asiri.

Sai bayan wata takwas na iya ɗage buhun nan. Wata Juma'a ce na je na sami Alhasan na ce ina so mu ƙarasa aikin Yaya, ni ban iya ba amma ina da hannu, shi ya nuna mini. Ya kalle ni ya ce to, bismilla, miƙo ledar kirtani. Na ce wace leda. Ya nuna ƙusar. Da na gaya masa abin da na yi da su, ya zauna a kan bokiti ya riƙe kai.

"Habibu, ka ɗaure kwali da littafin ɗan'uwanka."

A nan ya bayyana mini. Yaya bai taɓa zana komai a takarda ba. Lokacin da Giwa yake a kwance, kowane ƙarfe ya ciro sai ya shimfiɗa kirtani a jikinsa, ya yi ƙulli a farko, ya yi ƙulli a ƙarshe, ya yi a duk inda rami yake, ya rubuta sunan da ya ba ƙarfen a salatif. Idan zai ƙera ƙaramin sai ya ninka kirtanin biyu, ya sake ninkawa, ya sake. Ninki uku, shi ne awon Ɗan Giwa. Alhasan ya ce ya sha yi masa dariya, ya ce ga ma'auni na zamani a gareji, Yaya ya ce kirtani zai kai shi bakin ƙofa, zarto ya shigar da shi ɗaki. Na ce to mu je gona mu sake aunawa. Ya ce na waje za a iya, na ciki fa? Na je na roƙi Abu Nasir a buɗe Giwa ko na yini ɗaya. Ya saurare ni har na gama, ya dafa kafaɗata ya ce hannun Sani ne ya rufe shi, ba wanda zai sake buɗewa, khalas, magana ta ƙare. Tun rasuwar Yaya ma bai bari an hura masa wuta ba.

Dole na kira Yaya Hajara, matar Yaya Sani. Ku yara ba ku san yadda muke da ita a da ba. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu nake ce mata matarmu, ita kuma ta ce mini Auta, ba ma haɗuwa ba mu yi faɗan wasa ba. Daga rasuwar nan duk wannan ya tsaya. Gaisuwa ce kawai, ya haƙuri, ya yara, shi ke nan. Ranar nan na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na daure.

"Yaya Hajara, kwalayen nan da na aiko. Kirtanin da na ɗaure su da shi, an zubar?"



"Auta, daga Doha ka kira ni kan kirtani?"

"Wallahi kansa ne."

"Ka taɓa ganin macen da ta zubar da kirtani? Rabinsu suna cikin kwalla. Sauran kuma suna aiki."

"Wane irin aiki?"

"Aikin kirtani mana. Gidan sauron yara da me kake tsammani aka ɗaure shi?"

Sai na ji ta yi dariya, 'yar gajera, kamar wadda ta manta yadda ake yi. Na bayyana mata abin da suke. Sai na ji ƙarar takalminta a tsakar gida, ta bar wayar a kunne. Ina jinta tana kiran matata Rabi, tana cewa sauko da gidan sauron nan, kwance bakin buhun masarar can, wanda ke wuyan tunkiya ma na ciki ne. Rabi tana cewa ai wannan na tunkiyar ya yi baƙi ƙirin, bari a wanke su duka. Alhasan yana gefena yana ji, ya fizge wayar daga hannuna.

"Hajiya, don Allah don Annabi kada ruwa ya taɓa su. In suka jiƙe za su tsuke."

Yaya Hajara ta ce, "To ai ɗaya tun kaka nake shanya a kansa."

Alhasan ya miƙo mini wayar ya fita waje.

Ta tara su duka, ta ce za ta ba wani ɗan unguwarmu mai aikin gadi a Doha idan hutunsa ya ƙare. Kafin mu yi sallama ta rage murya ta ce akwai ɗaya da ba ya hannunta, yana wurin Baba. Tun ranar da aka kwance kayan ya ce a miƙo masa abin da aka ɗaure su da shi, ya shafa, ya zaɓi ɗaya ya sa a aljihu. Ta ce ta karanta salatif ɗin, an rubuta harshe. Alhasan ya ce wannan shi ne awon sandar da ke buɗe wa tururi hanya tana rufewa, kuma duk cikin injin babu abin da ya fi ta son daidaito. Na ce a kai wa Baba wayar.

"Baba, an ce akwai kirtani ɗaya a wurinka."

"Akwai."

"Na harshe ne. In babu shi injin ba zai tashi daidai ba."

"Ni za ka gaya wa? Wa ya koya wa Sani wannan ƙullin? Ina shafawa na san abin da na riƙe."

"To a haɗa shi da sauran a kawo mini."

"A'a. Wannan ba ya shiga jirgi. Ka ɗauko injin yadda yake ka zo, mu ƙarasa shi a zaure ni da kai. Zariya ba ta rasa maƙera ba."

"Baba, Yaya ya ce mai numfashi zai kawo maka."

"Sani ya faɗi abubuwa da yawa. Ya ce zai zo mu yi azumi tare."

Na ce to, Baba, zan duba. A raina kuwa na riga na yanke. Na ce zan ƙera harshen da ka, in nuna wa tsohon nan cewa direba ma ɗansa ne. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina, kuma na yarda da shi a lokacin. Yanzu da na tsufa na san akwai wani a ƙarƙashinsa. Kullum idan na fito da mota daga gidan kafil sai na bi ta gefen maƙabarta, in rage gudu in yi masa sallama. Ranar Juma'a kuma in tsaya a inda yake tsayawa, in riƙe zarton da hannunsa ya cinye wa ƙota. Muddin injin bai ƙare ba, ina ganin kamar Yaya bai gama tafiya ba. In na ɗauke shi na tafi gida, na bar yayana shi kaɗai a ƙasar mutane.

Kirtanin suka iso cikin ledar burodi, da ƙanshin daddawa a jikinsu. Muka shiga aiki. Fiye da shekara muka yi, Juma'a bayan Juma'a. Alhasan ke tsayawa a injin gurzar ƙarfe, ni ke ninkawa in auna in goge da zarto. Na lalata tagulla ba kaɗan ba. Idan na kawo masa abin da na goge sai ya ɗaga shi a haske ya ce, "Wannan fistin ne ko tabarya?" In koma in sake. Wanda aka yi shanya a kansa ya miƙe ya ƙara tsawo, sai da muka yi ƙarfensa sau biyu. Sandar harshe kuwa sau uku muka yanka ta. Ta farko ko motsi bai yi ba. Ta biyu ya juya baya. Ta uku muka hura masa iska da injin hura taya, faifan ya juya, ya ci gaba da juyawa. Muka tsaya muna kallonsa kamar waɗanda aka yi wa haihuwa. Alhasan ya ce iska ba tururi ba ce, sai ranar da aka sa wuta za a san gaskiya.

Ana saura wata guda a fara gasar cin kofin duniya, aka tara mu direbobi aka ce wanda ke son hutu ya tafi yanzu, in ba haka ba sai bayan an gama, domin baƙi za su cika gidan. A wannan makon ne kuma Abu Nasir ya kira ni ya ce zai dawo da taron da yakan yi a gona duk lokacin sanyi, wanda korona ta tsayar, inda masu tsofaffin motoci da injuna ke kawo nasu. Ya ce Baturen da ya sayar masa da Giwa zai zo kallon ƙwallo, shi zai hura masa wuta, kuma yana so ƙaramin Sani ya yi tafiya a gefensa. Labarin hutun ya riga ni isa Zariya ta bakin masu gadi. Baba ya kira.

"An ce ana sallamar mutane."

"Haka ne, Baba. Amma akwai taro a gona. Ina so ya tashi a gaban babban tukuna. Ana gama ƙwallo zan taho."

"To. Allah ya kai mu."

Bai sake tayar da maganar ba. Yaya Hajara ce ta kira ni daga baya, ba wasa a muryarta. Ta ce, "Auta, tsohon nan ya rage cin abinci. Ni dai na faɗa maka." Na ce mata wata biyu ne kacal. Ta ce ita ba ta san wata biyu ba, ta san tuwon da take mayarwa kicin.

Maganar ƙwallo kuwa, ko sau ɗaya ban shiga fili ba. Nakan kai baƙi bakin ƙofa in koma wurin ajiye motoci in jira. Abin da na gani na gasar shi ne bayan kawunan mutane a madubi.

Ranar taron Juma'a ce, da hantsi, sanyi mai daɗi. An kafa tantuna a gefen dabino, ana zagayawa da gahawa. Tsofaffin motoci sun yi layi suna ƙyalli, baƙi da rigunan ƙwallo iri-iri suna ɗaukar hoto. A kan tebura akwai ƙananan injuna da mutane suka kawo, wasu a cikin gilashi, wasu suna juyawa. Baturen tsoho ne mai jar fuska da hula duk baƙin mai. Tun da sassafe yake kan Giwa yana zuba kwal. Da hayaƙin ya bugi hancina sai na ga kaina a bakin tashar Zariya ina riƙe da kwanon abincin Baba, sai da na juya baya na ɗan lokaci. Da Giwa ya motsa ƙasa ta amsa. Ya zagaya filin a hankali, yara suna binsa, Abu Nasir yana tsaye a bayan sitiyari yana share ido da bakin rawaninsa. Da Baturen ya sauko ya durƙusa gaban Ɗan Giwa ya daɗe yana dubawa, ya ce a nuna masa zanen da aka bi. Alhasan ya miƙa masa ledar burodi. Sai da muka ninka masa ɗaya sau uku muka ɗora a ƙafar ƙaramin, muka warware muka kai jikin ta babban, sannan ya gane. Ya yi ta dariya har tari ya kama shi, ya ce a sake ninkawa ya gani.

Muka sauke Ɗan Giwa a kan daɓen siminti gaban rumbun dabino. Na zuba masa ruwa da buta, na jiƙa gawayi da kananzir na cusa a ɗan murhunsa da cokali, na kunna. Muka jira. Ban taɓa jiran abu kamar yadda na jira allurar nan ta ɗaga ba. Da ta kai inda Alhasan ya yi mata alama, ya ce yalla, buɗe masa tururi. Na buɗe. Ya tofar da ruwa ya ɓata mini riga, ya yi kamar zai tsaya, na taɓa faifan da yatsa, sai ya kama. Ya soma tafiya shi kaɗai, hayaƙi yana fita a bututu, ni ina biye da shi a sunkuye kamar mai koya wa yaro tafiya. Mutane suka yi tafi. Baturen ya karkata kai yana saurare, ya faɗa wa Alhasan wata magana, Alhasan bai fassara mini ba.

Na kira Yaya Hajara na ce ta kai wa Baba. Hayaniya ta yi yawa, Baba yana cewa ba ya jin komai sai Larabawa. Abu Nasir ya gane wanda nake kira, ya ɗaga hannu, wurin ya yi tsit.

"Matsa da wayar kusa da bututu," in ji Baba.

Na matsar.

"Rage masa tururi. Bar shi ya tafi a hankali."

Na rage. Ina tafe a durƙushe, waya a bakin bututu, ba abin da ake ji sai cif, cif, cif.

"Yana numfashi," in ji Baba. "Alhamdu lillahi. Yana numfashi."

Na ƙara matsar da wayar, ya ci gaba.

"Amma yana ɗingishi. Kana ji? Ɗaya da ƙarfi, ɗaya a sanyaye. Sandar harshen ta yi tsawo. Da ka ka yi ta?"

"Da ka na yi, Baba."

Ya yi dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun Yaya yana da rai.

"Kan direba ke nan. Ai ka yi ƙoƙari, abin da ya ƙaru bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ka taho da shi, kirtanin yana nan. Aikin yini ɗaya ne."

"Ina nan tafe, Baba."

"To. Kada ka kashe tukuna. Bar shi ya ƙara tafiya in ji."

Na bar shi. Sau uku muka je ƙarshen daɓen muka dawo, gwiwoyina sun goge, har ruwan tukunya ya yi ƙasa Alhasan ya ce a janye wuta. Yaya Hajara ta gaya mini daga baya cewa ranar Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, kuma duk wanda ya shigo zaure sai ya ba shi labari cewa autansa ya tayar da inji a ƙasar Larabawa, sai dai gurgu ne. A hanyarmu ta komawa na tambayi Alhasan abin da Baturen ya ce. Ya ce abin da Baba ya ce ne, amma Baba ya fi shi sanin dalili.

Aka gama gasar, baƙi suka watse, na sa injin a akwatin katako na ba kago, na karɓi tikiti. Na je maƙabarta na yi wa Yaya sallama na gaya masa ya tashi. Saura kwana tara in hau jirgi, da safe ina shan shayi, Rabi ta kira. Baba ya yi sallar asuba, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a rana, ya kwanta, shi ke nan. An binne shi kafin la'asar. Da na iso ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba.

Wannan shi ne abin da ya faru. Ya kira ni sau biyu a fili, ban zo ba. Ba zan ce muku dalilina ya isa ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne bai yi fushi da ni ba, kuma maganarmu ta ƙarshe mai tsawo dariya yake yi.

Kwana uku da isowata Yaya Hajara ta same ni a zaure ta ajiye wani abu a gefen tabarma. Ta ce a aljihun rigarsa ta same shi, tare da carbi. Kirtanin ya yi laushi, ya yi duhu saboda shafa, rubutun salatif ɗin ya kusa gogewa, amma ƙulle-ƙullen suna nan daram. Injin ya iso bayan wata biyu. Shi ne wanda kuke gani a kan kanta a zaure, wanda nake hura muku duk Sallah kuna binsa a tsakar gida. Ku ba ku jin ɗingishin, ni ina ji. Na san abin da za a yi: a ninka kirtanin sau uku, a ciro sandar, a ɗora, a rage da zarto. Akwai maƙeri a bayan layinmu da ya ce in kawo ko yaushe. Har yau ban ciro sandar ba.